Yatsa Biyu Tsakanin Mari da Ƙafa

Aje masabar nan, Hali, ka miƙo mani abin da kunka ƙera. Tun hantsi nike jin ku kuna ƙyalƙyala dariya, wai aikin gidan yari aikin malalata ne: a lanƙwasa ƙarfe, a huda, a buga ƙusa, a tashi a sha fura. To madalla da gwanaye. Ku matso ku duka ukun, wutar ba ta mutuwa kafin in gama. Ni Jaɓɓi na fi shekara talatin ina buga mari ga ƙafafun mutane cikin garin ga na Sakkwato, kuma har yau in na ɗauki kabar awo sai na auna sau biyu. Ku da ba ku taɓa ƙetare zauren gidan ba, ku zauna ku ji.

Marin farko da na ga an buga, kawuna Bawa ya buga shi, Allah shi jiƙan shi. Shi ya koya mani ƙira. Ranar ya aza mani ƙaramar uwar maƙera bisa kai, shi ya rataya jakar kayan aiki, munka bi ta bayan kasuwa. Kan hanya shike gaya mani yadda gidan ya faro. Ya ce sa'ad da shina saurayi babu gini ko ɗaya, turu ne kawai, gungumen icce mai ramu, ajiye ƙarƙashin wata tsamiya. A zura ƙafar mai laifi ciki a tokare, mai tsaro shi zauna kusa shina saƙar tabarma. Da gari ya cika, baƙi sunka yi yawa daga gabas da yamma, sai anka kewaye wurin da bango. Bayan nan anka gina ɗaki guda mai kauri, babu taga sai 'yar kafa can sama. Ramin kuwa daga baya anka haƙa shi.

Wanga rami shina tsakiyar ɗakin, zurfinshi ya kai gaba biyu, an jera azara bisa bakinshi. Da tsani ake sauka, in an sauka a janye. Ɓarayin awaki da masu faɗan kasuwa suna sama, da safe a fito da su cikin sarƙa su yi yaɓen ganuwa, su sha iska. Na rami su ne 'yan fashi da waɗanda ake tuhuma da jini, su ba su ganin rana sai ranar da za a share ramin. Abinci dangi ke kawowa. Wanda ba shi da kowa sai kunun dusa da abin da masu sadaka sunka miƙo ran Juma'a. Ruwa da igiya ake zura masu cikin gora, safe da maraice. Da bazara zafi kamar ka sa kai cikin murhun ga, da damina ƙasa ta yi ta tsattsafo ruwa, kunama kuwa kowane lokaci nata ne. Warin wurin na bin rigar mutum har gida. Matata ba ta taɓa barin in shiga ɗaki da rigar aiki ba.

Ranar, kawu ya durƙusa gaban wani mai laifi, ya yanki kaba, ya zagaya ta daga dunduniya zuwa bayan ƙafa. Ya ce mani: "Diba, ɗana. Zoben mari in bai kai wanga awon faɗi ba, ƙafa ba ta fita, ko mutum ya rame ya koma kara, don ƙashi ba shi ramewa." Ya rufe zoben, ya buga ƙusar da sanyinta bisa uwar maƙera. Sa'an nan ya zura yatsa biyu tsakanin ƙarfen da ƙaurin mutumin, ya kewaya da su. Na tambaye shi amfanin wanga wuri, tun da in an matse ya fi tsaro. Ya make mani hannu da awartaki, har yau ga tabon.

"Wanga wurin ba naka ba ne, ba na Yari ba ne," in ji shi. "Wurin ruwan alwala ne. Alƙali ya ce a tsare mutum, bai ce a hana shi wanke ƙafa har idon sawu ba."

Abu biyu ke nan, kaba da yatsa biyu. Sauran duk kun iya: masaba, kurfi na yanke kan ƙusa in za a kwance, magagari na goge kaifin baki don kar shi ci fata. Ƙusa kuma da baƙin ƙarfe mai taushi ake yin ta, don ranar kwancewa bugu biyu shi isa. Amma fa ku sani, mai sayen fartanya in ta yi mashi kyau shina dawowa shi sa albarka. Wanda ka buga ma mari ba shi sa maka albarka. Wani shi tofa maka yawu ga keya, wani shi yi ta kiran sunan uwa tai, wani shi miƙo ƙafa shiru shina kallon bango. Ni ba alƙali ba ne, ban taɓa tambayar kowa ko ya yi ko bai yi ba. Ƙafa kawai nike tambaya.

Kawu ya rasu, aiki ya dawo hannuna. Na yi shekaru ba a taɓa kiran sunana da laifi ba, har kai ya fara yi mani girma. Sai ga wata shekara fara ta sauka bisa gero shina cikin fitar da kai, ta bar kara tsaye. Kafin rani shi raba, mutanen ƙauye sun cika gari suna neman dusa. In na gari bai ƙoshi ba, wa zai tuna da na rami?

Cikin kakar shekarar anka kawo wani ƙaton ɗan fashi, ƙaurinshi kamar turmi. Dogarai huɗu ke danne da shi, shina harbi shina cizo. Na ce wa zai tsaya awon kaba ga wanga? Na lanƙwasa zobe daidai ƙaurinshi, na ƙara yatsa biyu, na buga, na tashi. Ashe kaurin naman ya sa zoben ya zarce awon dunduniya. Yunwa ta yi wata biyar tana cin shi. Ranar da anka fito da su tsakar gida don a share rami, rana tsaka, ya zare ƙafafunshi kamar mai cire takalmi, ya haye bango ya tafi. Marin na nan ƙasa, ƙusa ko motsi ba ta yi ba.

Yari ya kira ni zaure. Dattijo ne mai sanyin magana, bai ɗaga murya ba. Ya aje marin gabana ya ce: "Jaɓɓi, ka san ƙa'idar gidan ga. Wanga karon na rufa maka don darajar kawunka. In wani ya sake zare ƙafa daga ƙarfenka, taka za ta shiga madadin tashi."

Ku lura da kyau, bai ce mani in matse ba. Ni na tsorata, tsoro mai tsanani, ya rufe mani ido. Maimakon in ce laifina ne da ban auna da kaba ba, sai na ɗora ma yatsa biyu. Na koma maƙera na kwana biyu ina ƙera sababbin zobba. Ƙusoshin ma ban yi su da baƙin ƙarfe ba, guntayen karyayyen takobi na samo, na ƙera na tsoma ga ruwa, don kar wani shi goge su da dutse. Na sa anka fito da mutanen rami su tara, na kwance nasu na dā, na buga masu sabo, ƙarfe manne da fata.

Na ƙarshensu shi ne Arzika. Mai jakai ne, ɗan fatauci, mutumin da ƙafa tai ta taka Jega da Kano da Gwanja. Abokin tafiyarshi ya mutu kan hanya, dangin mamacin sunka ce shi ya kashe shi don kaya. Mutum biyu da sunka ga mutuwar sun wuce Gwanja sayen goro, alƙali ya ce a tsare shi har su dawo. Dogo ne siriri, ba shi da hayaniya. Da na rufe zoben ya sunkuya ya gwada zura ɗan yatsa, bai shiga ba.

"Maƙeri," in ji shi, "ina ruwan alwala zai bi?"

Na ce: "Ka yi taimama."

Na kwashe kayana na fita.

Abin da na manta, kuma kawu ya sha gaya mani, shi ne yunwa fuska biyu gare ta. Da fari ta ramar da mutum, daga baya ta kumbura shi, kuma daga ƙafa take farawa. Damina ta sauka, rami ya jiƙe. Wata safiya ina gyaran galma Yari ya aiko, ya ce in zo yanzu, in sauka rami da kaina.

Na sauka da fitilar man gyaɗa. Duk ƙafafunsu sun tasa, amma na Arzika, inna lillahi! Ƙarfen ya ɓace, nama ya hau bisanshi sama da ƙasa ya rufe. Ta hagu ta tsage tana ruwa, yatsun sun fara canza launi. Na taɓa, zafi kamar garwashi. Ya dube ni ya ce: "Sannu da zuwa, maƙeri." Wallahi da zagina ya yi da ya fi mani sauƙi. Kunya ta kama ni. Mutumin da tafiya ce abincinshi, kuma ba a ma tabbatar mashi da laifi ba, hannuna zai raba shi da ƙafa.

Na hau na sami Yari. Na ce: "Ranka shi daɗe, a fito mani da shi tsakar gida. Cikin duhu ba ni iya aiki. In ƙarfen ya ƙara kwana uku, wanzami zai yanke ƙafar."

Ya ce: "Fitowa mai sauƙi ce. In ka kwance, za ka mayar da wani?"

"Ƙafafun ba su ɗaukar ƙarfe sai sun warke. Ramin ma ba shi komawa, laima za ta ruɓar da su."

Ya girgiza kai. "Mai tuhumar jini, tsakar gida, babu mari? In ya gudu, me zan ce ma alƙali, me zan ce ma dangin mamaci? Ni ma wuya gare ni, Jaɓɓi."

Gaskiya tai, ban ga laifinshi ba. Sai na ce: "Ranka shi daɗe, ka ce in wani ya gudu ƙafata za ta shiga. To kar mu jira shi gudu. Na tsaya mashi. In sa marin yau, in zauna gidan ga har ranar da zai iya karɓar abinshi. In ya gudu ga ni hannu."

Ya ce: "Ka san shi ne?"

Na ce: "Ban san shi ba. Ƙarfena na sani, shi ke cin shi."

Ya ce a aiko mani da kayan aiki daga maƙera. Nan tsakar gida na zauna, na yanki kaba na auna dunduniyata, na lanƙwasa zobba, na aza ƙafa bisa uwar maƙera na buga ma kaina ƙusa. Dogarai na ta dariya, wani ya ce yau maƙeri ya ɗanɗana miyar gidansu. Na ƙyale su, na zura yatsa biyu, sunka kewaya.

Anka fito da Arzika bisa tabarma, anka aje shi inuwar bango. Kurfi ba shi yiwuwa, bugu ɗaya zai kai ga ƙashi. Na danne naman da ɗan yatsa na nemo kan ƙusar, na aza magagari. Sai zamewa shike yi, ko gezau. Ƙarfen takobi ne, ni da kaina na ƙarfafa shi. Kai, ranar na zagi kaina zagin da ban taɓa yi ma kowa ba. Dole na bar ƙusa na koma ma zoben, mai kaurin babban yatsa, kuma sai an yanka shi wuri biyu kafin shi buɗe ba a murɗa ba. Ƙafa biyu, yanka huɗu.

Na fere ƙahon saniya siriri kamar ganyen kaba, na tura tsakanin ƙarfe da nama kaɗan kaɗan. Nan ne kawai ya yi ƙara, sau ɗaya. Daga nan sai guga. In ka yi sauri ƙarfe shi yi zafi shi ƙona ciwon, sai ka goga ashirin, ka ɗiga ruwa, ka goga ashirin. Shi ke riƙe da gorar shina ɗigawa, don na ga hannunshi ya fi na dogarai natsuwa. Magagari biyu sunka dakushe, na sake masu haƙora nan take. Tafin hannuna ya yi bororo ya fashe, na naɗe da tsumma na ci gaba. Can da la'asar ya ce: "Maƙeri, huta mana." Na ce: "Ban huta ba ranar da na buga, ba ni hutawa yau." Zoben hagu ya buɗe kafin rana ta faɗi, na dama sai azahar ɗin washegari. Abin da ke ƙarƙashinsu ba zan gaya maku ba, kun ci abinci yanzu. Wanzami ya wanke, ya zuba garin bagaruwa, ya naɗe. Sauran takwas ɗin na bi su ɗaya ɗaya, nasu da sauƙi don ƙarfen bai nutse cikin nama ba, na mayar masu da zobe irin na kawu.

Kwana arba'in da biyu na yi da mari. Ku da kuke cewa lanƙwasa ƙarfe ne kawai, ku sa shi yini ɗaya ku gani. Taku rabi rabi, ruku'u da dabara, in ka juya cikin barci ƙarfe shi tashe ka. Amma kullum in na zo wankin ƙafa, sai in ɗaga zoben in zuba ruwa in cuɗa, in mayar. Duk shekarun da na yi ina barin wanga wurin, umurnin kawu kawai nike bi. Sai da na sa ga ƙafata na san abin da shike nufi. Matata ke aiko tuwo, in an samu, mu raba da Arzika, tana aikowa tana faɗa.

Ya fara tsayawa, ya fara dafa bango, ya fara zagaya tsakar gida. Kowace safiya ana buɗe ƙofa a fita da masu aikin ganuwa, dogarai su bi su, gida shi rage daga mai tsaron zaure sai mu. Ina ganin shi shina kallon ƙofar. Mutum ne da ya san kowace hanya daga nan har Gwanja, kuma shaidunshi ba wanda ya san ko suna raye. Amma ban taɓa ce mashi kar ka gudu ba. Da wane baki?

Ran nan da hantsi, ƙofa buɗe, sai na ga ya tashi ya nufi zaure shina ɗingishi. Na aje masaba. Ya shige, na daina ganin shi. Na zauna ina kallon ƙafafuna. Can sai ga shi ya dawo, gorar ruwa ga hannu, ashe randar zaure ya je. Ya zauna gabana, ya kwance tsumman ƙafa, ya aza dunduniya bisa uwar maƙera.

"Sun warke," in ji shi. "Ba ni kayana, ka tafi gida. Ɗiyanka sun yi kewarka."

Na ɗauki kaba na auna, sau biyu na auna. Na buga ƙusar baƙin ƙarfe. Na zura yatsa biyu. Shi kuma ya ɗaga gorar ya zuba ruwa bisa ƙaurinshi, ruwan ya bi ƙarƙashin zoben ya sauka ga idon sawu ya ɗiga ƙasa. Ya ce: "Alhamdu lillahi." Da Yari ya zo ya gani, ya miƙo mani kurfi na yanke nawa.

Fatake sun dawo bayan kaka, sunka shaida gaban alƙali cewa zazzaɓi ya kashe mutumin. Ni na kwance ma Arzika mari, bugu biyu kowace ƙafa. Amma jijiyar hagu ta riga ta tafi. Bai sake bin jakai ba, ko Ƙofar Rini bai iya kaiwa sai ya huta sau uku. Kun san shi, ai. Tsohon nan mai ɗingishi da ke zaune bakin Hubbare shina cika ma masu ziyara butoci, shi ne. Duk ranar da na bi ta nan sai ya cika guda ya miƙo mani da hannu biyu, ya ce: "Maƙeri, ga ruwan alwala." Bai taɓa tuna mani da maganar taimamar da na gaya mashi ba. Ni kuwa ban taɓa karɓar butar ba tare da na ji maganar cikin kunnena ba.

To, Hali, kawo ƙafarka nan. Kawo mana, ba cizo nike yi ba, ai da taka kunka gwada marin. Ina kabar da kunka auna da ita? Babu. Diba nan kuma: yatsa ɗaya, shi ma da kyar. Gobe da safe wani ɗan mutane zai sa wanga, kuma ba ku san ko ya yi ko bai yi ba.

Mayar da shi wuta. Kai kuma ja zugazugin.